Sunan da Na Kankare

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina gadin kaburburan zamanin Fir'auna da ke cikin dutsen yamma da kogi, mabuɗai a aljihun jallabiya, sanda a hannu, amma har yau ban iya karanta ko harafi ɗaya na abin da nake gadi ba. A aji shida na bar makaranta. Ina iya sa hannu a littafin zuwa aiki, ina iya bin jarida idan ba a gaggauta ni ba. Rubutun mutanen dā kuwa, a idona tsuntsaye ne da macizai da idanu da ƙafafu, an jera su layi-layi.

'Yata Rihab ce ta iya. Tun tana firamare take kawo mini abincin rana ta ƙi komawa gida, ta tsaya tana kwafar tsuntsayen a bayan littafin lissafinta. Ta yi jami'a ta gama, ta koma yin digiri na biyu. Ranar da ta dawo da labarin kabarin da malaminta Dakta Girgis ya ba ta don ta yi bincike a kansa, ina zaune a ƙofar gida ina shan shayi.

"Baba, ka san ƙaramin kabarin nan na bayan tsohuwar unguwarmu? Mai jar ƙofar ƙarfe, wanda ba a taɓa kwafe rubutunsa ba? Shi aka ba ni. Ni kaɗai!"

Shayin ya sarƙe ni. Ta dinga bubbuga mini baya tana dariya, wai murna za ta kashe tsoho. Ban ce mata ba murna ba ce.

Kabarin ɗaki ɗaya ne, bai fi ɗakin kwananmu girma ba. An gano shi ne da katangar wani gida ta rushe, shekara biyu kafin a haifi Rihab. Ma'aikatan hukumar kayan tarihi suka zo suka leƙa, suka sa masa ƙofa da kwaɗo, suka ce za a dawo a ɗauki hoto a kwafi rubutun. Manyan kaburbura sun yi musu yawa, ba wanda ya dawo. Mabuɗin kuwa ni aka danƙa wa.

Wata goma sha takwas ta yi tana aiki a ciki. Babu lantarki a wurin, don haka abokin aikina Shahat yakan tsaya a waje da babban madubi ya tare rana ya cillo ta ciki, ni kuma in riƙe ƙarami a bakin ƙofa in karkatar da hasken inda take so. Ita sai ta shimfiɗa farar leda a jikin bango, ta bi kowane layi da alƙalami, har numfashi take riƙewa.

"Ƙasa kaɗan, Baba. Hannunka na rawa."

"Tsufa ne," in ji Shahat daga waje, shi da kullum Abu Rihab yake kirana, wato uban Rihab. "Abu Rihab, je ka kwanta in riƙe duka biyun. Ko tsoron mai ɗakin kake ji? Ya mutu fa, ni na tabbatar maka, tun kafin a haifi surukarka."

"Kai dai riƙe naka, mai kai kamar kankana," na ce masa. "Duba, a ido kake haska ni."

"Ammu Shahat, don Allah ku bar faɗan nan har in gama zana wannan mujiyar," in ji Rihab, da yake kawu ta ɗauke shi.

A bango uku na ɗakin an zana mai kabarin. Yana zaune, matarsa na dafe da kafaɗarsa, 'ya'yansu tara a jere a gabansu, kowane ya fi na bayansa tsawo. A kowane bango, daidai saman kan mutumin, akwai ɗan rami mai santsi, faɗinsa bai kai tafin hannu ba.

Wata rana ta kira ni ciki ta ɗora yatsa kusa da ɗaya daga cikin ramukan.

"Ka ga nan? Nan sunansa yake. Wuri uku aka rubuta shi, wuri ukun aka kankare. Ba a taɓa fuskarsa ba, ba a taɓa sunan matarsa ba, ga ma aikinsa nan an bari, magatakardan rumbun hatsi. Sunan kaɗai aka bi aka cire. A wurinsu, Baba, in aka goge sunan mutum an kashe shi kisa na biyu, don ba mai iya kiransa ya roƙar masa burodi da ruwa. Wani ya tsani bawan Allahn nan ƙwarai. Kundina gaba ɗaya a kan wannan ya tsaya: a wane zamani aka yi, su wa suka yi, me ya yi musu."

"Matar maƙwabci ya kalla," in ji Shahat. "Tun zamanin Fir'auna abin ɗaya ne."

Ta yi dariya. Ni kuwa na fito waje na ce ƙura ce ta shige mini maƙogwaro.

Na san wanda ya yi. Bai tsani kowa ba, kuma da cokalin shayi ya yi aikin.

Shekara bakwai da aurenmu matata Nagat ba ta riƙe ciki ba. Sau uku yana shiga, ya kai wata uku ya zube. Mun tsallaka kogi mun ga likitoci, mun sha addu'o'i, har ta daina zuwa sunan 'ya'yan maƙwabta. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ita ta kira ni gefe. Matan ƙauyenmu tun da can sukan kankari garin dutse daga bangon mutanen dā su jiƙa su sha, duk wanda ya shiga manyan gine-ginensu na ibada ya ga ramukan a jikin ginshiƙai.

"Kai da mabuɗi a aljihu, matarka tana kwana da kuka?" in ji ta. "An ce mutumin cikin sabon ramin nan 'ya'yansa tara. Juma'a uku za ka je, kafin a hau mumbari."

Na ce mata amana aka ba ni. Na ce liman ya hana, ya ce wannan ba addini ba ne.

"Liman 'ya'yansa nawa?"

"Takwas."

"To ya yi mana shiru."

Na je. Na tsaya a gaban mutumin da cokali a hannu, na kasa taɓa fuskarsa. Yaran ma na kasa, ina neman ɗa in kankare ɗan wani? Sai na dubi 'yan ƙananan zanen da ke saman kansa. Irinsu sun cika ɗakin, sun fi dubu. Na ce a raina ado ne, wa zai rasa uku ko huɗu a ciki? Na zaɓi na kusa da kansa don kada in yi nisa da albarkar. Juma'a ta biyu na koma wani bangon don kada ramin farko ya yi zurfi, ta uku na koma ɗaya bangon. Kowane na gama sai in shafe shi da jiƙaƙƙiyar ƙasa da baƙin fitila har ya saje da tsufan dutsen. Har ina jin na yi dabara, na yi ɓarna mafi ƙanƙanta.

Wata goma sha ɗaya bayan haka aka haifi Rihab. Na san Allah ne ya ba mu ita, ba garin dutse ba, kuma na yi istigfari ba adadi. Amma ban san abin da na ɗauke ba sai ranar da ta nuna mini da yatsarta.

Daga ranar abinci ya daina shiga. In na ga ta dawo daga ɗakin karatu da littattafai rungume a ƙirji, tana ba ni labarin wani sarki da aka bi aka goge sunayen mutanensa, tana cewa lokacin ya yi daidai da na mutuminta, sai in ji kamar in toshe kunne. Kullum ina cewa gobe zan faɗa. Goben ta kai wata bakwai.

Saura sati uku ta tsaya gaban malamai ta kare kundin, na sami Nagat da hantsi a bakin tanderu, tana duba ƙullin burodin da ta shanya a rana ko ya kumbura.

"Nagat, zan faɗa mata."

"Ka faɗa mata me?"

"Kin sani."

"Ban san komai ba. Ni ruwa aka miƙo mini mai ɗanɗanon alli na shanye." Ta tura burodi cikin wuta, ta kira sunana ba ta dube ni ba. "Haggag, hankalinka ɗaya kuwa? Yarinya ta kusa makancewa a ramin nan, an sa rana, har na gayyaci 'yan'uwana daga garin Isna. Yanzu ne za ka tuna kana da gaskiya?"

"Ƙarya za ta tsaya ta faɗa a gaban mutane."

"Ba ƙarya ba ce tunda ba ta sani ba."

"Ni na sani. An ce cikin malaman akwai wani daga Alƙahira, ba ya barin komai ya wuce. In ya zo ya sa gilashinsa ya ce wannan ramin na jiya-jiya ne fa? A gaban jama'a?"

"Dakta Girgis bai gani ba, shi da furfurarsa, sai wani? Ka iya shafa ƙasa, wannan kam na ba ka."

"In ba a gane ba ma ya fi muni. A buga shi a littafi da sunanta a kai, wasu su karanta su ɗora nasu a kansa. Ranar da aka gano, ita za a yi wa dariya, ina cikin kabari."

Ta ajiye itacen hannunta. Idonta ya yi ja, kuma ba hayaƙi ba ne.

"To in ta tambaye ka don me ka yi, ka ce me? Ka ce uwarta ce ta kasa riƙe ciki? Yarinyar nan tana ganinka kamar wani waliyyi. Ni ban samu haka ba a wurinta, kai ka samu. Je ka zubar."

Na ɗauki sandata na tafi aiki.

Kwana biyu bayan haka Rihab ta dawo da kundin an ɗinke shi, baƙin bango da rubutun ruwan zinariya. Ta sa ni na wanke hannu kafin in taɓa. Ta buɗe shafin farko ta ce in karanta da kaina. Na bi shi a hankali, da yatsa. Ta rubuta cewa ta sadaukar da aikin ga mahaifinta, wanda ya tsare wannan ƙofa shekara da shekaru har rubutun ya iso hannunta lafiya.

"Ka yi shiru, Baba. Bai yi ba ne?"

"Ya yi. Gobe da safe ki raka ni kabarin."

"Ai na gama da shi."

"Ni ban gama ba."

Da safe na aiki Shahat wancan gefen dutsen, na ce baƙi na jiransa. Na jingine babban madubin da dutse yadda hasken zai shiga da kansa. Na buɗe kwaɗon, muka shiga. Tana ta surutu a kan rigar da za ta sa ranar. Na tsaya gaban bangon dama.

"Rihab, mutumin nan ba shi da maƙiyi."

"Baba, kai ma ka zama Dakta ne?"

"Ni na kankare."

Ta yi 'yar dariya, tana jiran ƙarshen wasan. Da ta ga ban ƙara ba, dariyar ta tsaya. Na faɗa mata duka, ina kallon ƙasa: cikin uwarta, maganar kakarta, cokalin, Juma'a ukun, ƙasar da baƙin fitilar. Ban rage komai ba, don na san in na tsaya ba zan iya ci gaba ba.

Ta ciro ƙaramar tocila daga jakarta, ta kwantar da hasken a gefen ramin, ta kai fuskarta har hancinta ya kusa taɓa dutsen. Ta daɗe a haka. Ta koma bango na biyu, ta koma na uku.

"Bakin cokali," in ji ta, kamar da kanta take magana. "Ga shi nan, a lanƙwashe. Na auna shi sau goma. Na rubuta shafi huɗu a kan irin kayan aikin da ke barin wannan alamar." Ta juyo. "Wata goma sha takwas kana riƙe mini madubi."

"E."

"Kana ji ina ta zuba. Ina kawo sarakuna, ina kawo shekaru. Kana tsaye a nan."

"Na ji tsoro, 'yata."

"Tsoron me? Kora daga aiki?"

"Tsoron wannan kallon da kike yi mini."

Ta juya mini baya. Na matsa zan dafa ta, ta ɗaga hannu, na tsaya inda nake. Daga nesa ina jin jirgin ƙasa mai ɗaukar rake yana wucewa ta cikin gonaki.

"Me ya sa sunan?" in ji ta. "Bango guda a gabanka. Ga kujera, ga tulu, ga gefen da ba komai. Me ya sa sai sunan?"

"Ban san suna ba ne. Na ɗauka ado ne. Fuskarsa nake gudun ɓatawa."

Ta zauna a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa. Na tsuguna nesa kaɗan. Hasken madubin ya fara gocewa daga bangon, ban tashi na gyara ba. Can ta ɗago, ta share fuska da gefen mayafi, ta zaro littafinta da fensir ta turo mini a ƙasa.

"Ka gan shi kafin ka cire. Sau uku. Zana mini."

"An daɗe, Rihab."

"Zana."

Na riƙe fensirin kamar yadda nake riƙe shi a aji shida. Abin mamaki, na farkon bai ɓace mini ba, don na daɗe ina kallonsa kafin in sa masa cokali. Tsuntsu ne mai dogon baki lanƙwasasshe, yana tsaye a kan wani ɗan dandamali. Na zana shi, ya fito kamar kaza mara lafiya. Bayansa akwai wani abu kamar tsintsiya mai reshe uku an ɗaure ta a sama. Na zana. Akwai wasu biyu ko uku a ƙasa, na rufe ido na nema, babu.

"Shi ke nan abin da na tuna."

Ta ɗauki littafin ta dube shi. Bakinta ya motsa.

"Jahutimes," in ji ta. Ta ɗaga kai ta dubi mutumin da ke zaune a bango, ta sake faɗa a hankali. Sannan ta yi wata dariya mara daɗi. "Rabin magatakardan zamanin nan sunansu ke nan. Ba wani asiri, ba wani maƙiyi. Mutum ne kawai mai auna hatsi da 'ya'ya tara."

"Zai taimaka miki?"

"Ba a kafa hujja da abin da mai gadi ya tuna bayan shekara ashirin da shida. Layi ɗaya zai samu a ƙasan shafi." Ta rufe littafin. "Babi uku sun tafi. Kwafin rubutun yana nan, fassarar tana nan, sauran duk shara ne. Sai a ɗaga ranar. Wataƙila shekara guda."

"In kika yi shiru, ni ma zan yi. Ba wanda ya sani sai uwarki."

Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Ina jin so nake in ba ta wani abu, kuma ba ni da komai sai wannan. Ta dube ni, na gwammace da mari ta yi mini.

"Da ka bar ni ban sani ba, da na tsaya na faɗa da zuciya ɗaya. Yanzu kana so in faɗa ina sane?"

"A'a."

"To kada ka sake." Ta miƙe ta karkaɗe rigarta. "Dakta Girgis yana ofis a tsallaken kogi har azahar. Ba zan ce masa wani ne ya gaya mini ba, ba zan ce wani tsoho da ya mutu ne ya yi ba. Kuma ba ni zan faɗa ba. Da bakinka za ka faɗa masa, yadda ka faɗa mini. Zai rubuta wa hukuma, dole ne. Ban san abin da za su yi maka ba."

"Na sani."

Na rufe ƙofar, na sa kwaɗon. Muka gangara ta cikin gonaki zuwa bakin kogi, tana gaba ina baya. A mashigar jirgin fito masu sayar da wake da burodi suna ta gaishe ni, "Abu Dakta, an fito?" Uban Dakta ke nan, don tuni suka ba Rihab sarautar. Na ɗaga musu hannu kawai.

A cikin jirgin ta zauna a bencin da ke fuskantata, ba kusa da ni ba. Ta buɗe kundin a cinya tana bin shafuka da fensir, tana jan layi daga sama har ƙasa, shafi bayan shafi. Na yi ta kallon hannunta. Da muka kai tsakiyar ruwa ta yi magana, idonta na kan takarda.

"Mama ta shanye duka?"

"Duka. Ta ce kamar alli."

Ta gyaɗa kai, ta ja wani layin.

Jirgin ya daki gaɓa, mutane suka fara turereniya. Na tashi a hankali, na bi bayan mutane. Ta riga ni sauka. Na ɗauka za ta wuce, sai na ga ta tsaya a kan matakala, kundin a hammata, ba ta waiwayo ba, har na iso inda take. Sannan muka hau matakalar tare.